RA'AYI: Cizon kaska da cinikin maganin da ba a gwada ba

Da zarar damina ta kankama, ciyawa ta yi tsawo, kaska kan yawaita a jikin shanu, tumaki da awaki, daga nan kuma ta kan sami hanyar jikin makiyayi, mahauci da ɗan tireda a kara. A daidai wannan lokaci ne masu tallar magunguna a Facebook da WhatsApp ke baza hajarsu ta ƙwayoyi, garin saiwoyi da jiƙe-jiƙe, suna alƙawarin cewa za su kare mutum daga cututtukan kaska, su kuma warkar da wanda ya riga ya kamu. Wannan alƙawari ya fi ƙarfin hujjar da ke hannunsu, kuma rayuka ne ake caca da su.

Cututtukan da kaska ke yaɗawa iri-iri ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke haddasa su, kamar zazzaɓin cizon kaska da aka sani a ƙasashen Afirka da dama, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda ya addabi karkarar Senegal, da cutar Lyme da ta fi yawa a Amurka da Turai. Waɗannan suna da magani sananne mai sauƙin kuɗi, wato doxycycline, muddin likita ya gano su da wuri. Akwai kuma zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wanda ƙwayar bairos ke haddasawa. An fara bayyana shi a yankin Kirimiya a 1944, aka sake cin karo da shi a Kongo a 1956, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar ba ta nuna alamar ciwo, amma jininta kan harbi mai yanka da mai fiɗa. Masu bincike sun daɗe da gano alamun wannan ƙwaya a jikin kaska, shanu da mutane a Najeriya.

Haɗarin yana cikin jinkiri. Duk waɗannan cututtuka suna farawa ne da zazzaɓi, ciwon kai da ciwon jiki, tamkar zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya kwashe mako guda yana shan jiƙo da fatan samun sauƙi, ya ɓarar da kwanakin da magani ko kulawar asibiti suka fi yin tasiri. Idan kuma Kirimiya-Kongo ce, masu jinyarsa a gida ma suna cikin haɗari, domin tana bin jini da ruwan jiki.

Wannan ba raini ba ne ga ilimin tsirrai. Daga ganyen tazargade masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta fitar da sinadarin artemisinin, wanda a yau shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar NIPRD da ke Idu a Abuja ta samar da Niprisan domin masu ciwon sikila daga haɗin gargajiya. Abin da ya ɗaga darajar waɗannan magunguna shi ne gwaji: an auna yawan da za a sha, an duba illa, an jarraba a kan marasa lafiya. Masu talla kan kafa hujja da binciken da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins a 2020, wanda ya nuna cewa ruwan wasu tsirrai, ciki har da wata saiwa da ake maganin zazzaɓi da ita a Ghana, ya kashe ƙwayar cutar Lyme. Abin da ba sa faɗa shi ne a cikin kwalbar gwaji aka yi wannan aiki. Tsakanin kwalba da jikin ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, akwai hanta da ƙoda da za su ɗauki nauyin duk abin da aka haɗiya.

Haka nan lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin mazubi. Rajistar wucin gadi da hukumar ke bai wa magungunan gargajiya tana nuna cewa an duba rashin cutarwarsu ne kawai, ba ta tabbatar da cewa suna warkarwa ba. Mai saye a kasuwar ƙauye bai san wannan bambanci ba, mai sayarwa kuwa ba shi da ribar bayyana masa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda asibitin karkara ba ya iya gwajin komai sai na zazzaɓin cizon sauro, inda makiyayi zai yi shekara bai ga malamin dabbobi ba, dole mai talla ya ci kasuwarsa. Don haka nauyi yana kan hukumomi. Ya kamata NAFDAC ta bi sawun tallace-tallacen intanet da na rediyo masu iƙirarin warkarwa, ta hukunta masu su. Ya kamata NCDC ta horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa tambayar mai zazzaɓi ko kaska ta cije shi ko yana hulɗa da dabbobi, musamman idan gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024, tare da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da gwamnatocin jihohi, su farfaɗo da wuraren wanka da feshin dabbobi a burtali da kasuwannin kara. Tsirran da makiyaya ke amfani da su wajen korar kaska, irin su darbejiya, a kai su ɗakin bincike, wanda ya ci jarrabawa a yayata shi.

Ga jama'a kuwa, rigakafin da aka tabbatar ba ya cikin kwalba. A rufe jiki yayin shiga ciyawa, a duba jiki da tufafi bayan an dawo, a sa safar hannu wajen yanka da fiɗa, musamman lokacin layya. Idan kaska ta maƙale, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali, kada a murje ta da farce. Wanda zazzaɓi ya kama bayan haka ya nufi asibiti a ranar, ya kuma shaida wa likita cewa kaska ta cije shi.