Fizik ba hadda ba ce

Ƴan lise, mu faɗa wa juna gaskiya: mun haddace W = F × d kamar waƙa, amma ranar BAC in aka ɗan juya tambaya, sai kai ya ɗaure. Me zai hana malamai su fara da rijiya, cikin Hausa, kafin su cika tablo da formil?

Guga mai lita 10 nauyinsa kusan niyuton 100 ne. Ka jawo shi daga zurfin mita 30, ka yi aikin jul 3000. Amma yarinyar da ta ɗauki ruwan a ka har gida, a hanya marar tudu, nauyin bai yi aiki ko na jul ɗaya ba, duk da wuyanta na ciwo. Shi ƙasa yake ja, ita gaba take tafiya. Kosinus na 90° da ke kayar da mutane, wannan ne fa.