Ikko: Ina Talaka Zai Sha Iska?

Duk wanda ya zauna a Ikko cikin shekarun 1970 ba zai manta da Bar Beach ba, watau bakin tekun nan na tsibirin Victoria, inda jama'a kan yi dafifi ran Lahadi da ranakun salla. Lebura da akawu da attajiri duk a kan rairayi ɗaya suke zama, ba mai tambayar wani ko kwabo. Yau wurin ya zama labari. Tun daga 2008 aka shiga aikin cike teku da yashi don gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, aka gitta katangar duwatsu ta tare igiyar ruwa. Gaskiya ne a da teku kan yi ambaliya har ya hau titin Ahmadu Bello, kuma katangar ta yi maganin wannan. Amma filin shan iskar talaka ya tafi, ba a ba shi madadinsa ba.

Ba a nan abin ya fara ba. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sa'an nan ta rushe unguwar, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni. A wannan yanki ne manyan gidaje suka tashi daga baya, aka kuma buɗe katafaren kantin The Palms a 2005. Na Ikeja ya biyo baya a 2011. Ba laifi ba ne a gina irin waɗannan kantuna, gama akwai tsabta da sanyi da tsaro, matasa kuma sun sami aiki. Sai dai an gina su ne domin mai saye. Wanda aljihunsa ba nauyi yakan zaga, ya yi kallo, ya fito.

Kasuwannin gargajiya ma ba su tsira ba. Gobara ta cinye kasuwar Tejuosho da ke Yaba a 2007. Da aka sāke ta, aka buɗe a 2014, kuɗin shago ya fi ƙarfin ƙananan 'yan kasuwa da yawa, suka koma kasa kaya a bakin titi. Ga kuma Mile 12, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Daga nan miyar birnin ke fitowa, amma da damina mai saye da mai sayarwa cikin taɓo suke ciniki.

Duk da haka akwai abin yabo. Tsohon kurkukun Turawa na titin Broad, inda aka taɓa tsare Obafemi Awolowo, an mai da shi wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park a 2010. Wannan ya nuna in hukuma ta so, wuri ba ya gagara, ko a tsakiyar cunkoso.

Abin da ya kamata shi ne duk lokacin da aka yanka fili don kanti, a ware wani don itatuwa da benci da wasan yara, a bar ƙofarsa a buɗe kyauta. Hukumomin Kano da Kaduna da Abuja su yi hattara, domin su ma filayensu ƙarewa suke yi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.