Ka Tafi Neman Ilimi, Wa Ka Bar Wa Amanar?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

A ajin matan aure da nake koyarwa bayan sallar isha'i, al'adarmu ce duk ranar Laraba a rubuto tambayoyi a takarda ba tare da suna ba, domin mai jin kunya ta samu bakin magana. A cikin takardun da suka zo hannuna akwai wadda ta hana ni barci. Mai takardar ta ce: "Malam, mijina ya tafi karatu ƙasar waje yau shekara uku da wata biyar. Sau ɗaya ya zo, ya yi kwana goma sha takwas ya koma. Yana aiko da kuɗi, ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba. Amma duk lokacin da na ce ya ɗauke ni ko ya riƙa zuwa, sai a ce ba ni da godiya. Shin ina da haƙƙi, ko son zuciya ne ke damuna?" Na ba ta amsa gwargwadon abin da Allah Ya hore, sai dai na ga cewa wanda ya fi buƙatar jin amsar ba ya cikin ajin. Yana can wata ƙasa, ko kuma yana nan cikinku yana cike takardar neman gurbin karatu a intanet. Da shi nake magana yau.

Abin da nake cewa a taƙaice shi ne: ɗalibi mai aure da zai yi doguwar tafiyar karatu, asalin abin da ke kansa shi ne ya tafi da iyalinsa. Idan hakan ya gagara, to sai da yardar matar, yarda ta gaskiya wadda ba a tsoratar da ita kafin ta bayar ba, tare da tsarin zuwa gida da ya san zai iya cikawa. Idan wannan ma ya gagara, to tafiyar ce za ta jira, domin digiri na biyu da na uku ba sa cikin abin da Allah Ya wajabta wa kowane mutum, haƙƙin aure kuwa wajibi ne tun ranar da aka shafa fatiha.

Mun ɗauka cewa aure ciyarwa ne kawai, shi ya sa mai aiko da kuɗi yake ganin ya sauke nauyi. Shari'a ba ta tsaya nan ba. A Suratul Baƙara, aya ta 226, Allah Ya iyakance wa mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu, bayan haka ko ya dawo ko a rabu. A Suratun Nisa'i, aya ta 129, an yi hani ga barin mace kamar abin da aka rataye, ba ita ga mai miji, ba ita ga marar miji. Malamai sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, sai ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, daga nan ya sanya wa mayaƙa iyaka, kada su wuce wata shida ba su dawo gida ba. Ku duba fa, waɗannan jihadi suka fita tare da izinin halifa, amma hakan bai shafe haƙƙin matansu ba. A kan wannan ne Imamu Ahmad ya tsayar da wata shida. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, idan miji ya yi doguwar tafiya, shekara ko fiye, matar ta kai ƙara cewa tana cutuwa, alƙali zai rubuta masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sake ta, ko da kuwa ya bar mata dukiyar da za ta ci. Wannan hukunci yana cikin littattafan da muke karantawa a zaure, sai dai mun fi son babin da ke maganar biyayyar mace.

Yanzu bari mu ɗauki hujjojin da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sai ka ji an ce: "Ai magabata sun yi tafiye-tafiye don neman ilimi." Gaskiya ne, kuma ba mu da bakin raina wannan. To amma ku karanta hadisin Maliku ɗan Huwairis da ke cikin Bukhari da Muslim. Samari ne tsararrakin juna suka zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suka yi kwana 20 suna ɗaukar karatu. Da ya lura sun fara kewar iyalansu, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sannan ya umarce su da su koma cikinsu su zauna su karantar da su. Wace jami'a ce a bayan ƙasa ta kai zama a gaban Annabi? Amma daga wannan majalisi aka sallami ɗalibai saboda iyali. Haka nan sananne ne cewa idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa yana tafe da iyalinsa bayan ya cika wa'adinsa a Madyana. Kakanninmu ma da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa, da yawansu da mata da 'ya'ya suka tafi, zuriyarsu ce Hausawan da ke Sudan a yau.

Na biyu, ana cewa: "Idan na kai ta ƙasar Turawa idonta zai buɗe, ta lalace." Ya ɗan uwa, ka tsaya ka saurari kanka. Ƙasar da kake tsoron ta lalata matarka, kai wane tabbaci ka karɓo daga sama cewa ba za ta lalata ka ba? Saurayi ɗan shekara talatin, shi kaɗai a ɗaki, shekara uku ko huɗu, a garin da babu wanda ya san shi balle ya ji kunyarsa, shi ne ba ya cikin haɗari? Da yawa daga cikinmu mun san labarin wanda ya tafi da gemu da ɗagaggen wando, ya dawo da abin da ba ya faɗuwa, ko ya yi wani aure a ɓoye a can, sai bayan rasuwarsa 'ya'ya suka bayyana wurin rabon gado. Aure garkuwa ne ga mutum biyu, wanda ya ajiye garkuwarsa a gida ya shiga fagen fama bai yi dabara ba. Kuma wannan hujja ba ta ma shafi masu tafiya Masar ko Maleshiya ko Saudiyya ba, amma su ma sai ka ga sun bar matan. Ashe ke nan ba tsoron Turawa ba ne. A ƙarƙashin maganar akwai tsoron kada mace ta san abin da mijinta ya sani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Da zai ga mai digiri uku da matarsa ba ta iya karanta takardar asibitin ɗanta ba, me kuke jin zai ce?

Na uku, a ce: "Hajiya ce ta hana, ta ce a bar mata ita ta riƙa taimaka mata." Biyayya ga mahaifiya wajibi ce, babu mai jayayya. Amma wajibin a kanka yake, kai da ta haifa. Ba daidai ba ne ka biya bashin da ke wuyanka da shekarun ƙuruciyar 'yar mutane. Idan matar ta zaɓi zama da surukarta don Allah, ta samu lada mai yawa. Idan kuwa tilasta mata aka yi, ga ƙannen miji baligai suna shiga suna fita, alhali Manzon Allah ya yi gargaɗi mai tsanani game da shigar dangin miji wurin matar ɗan uwansu, to an haɗa zalunci da ganganci. Ka zauna da mahaifiyarka cikin ladabi, ka nemi kawu ko malamin da take jin maganarsa, ka samar mata mai taimako da kuɗinka. Iyaye mata sun fi kowa sanin zafin zaman jiran miji, idan aka bi da su ta lalama sukan fahimta.

Na huɗu, kuma wannan ita ce hujjar da ke da nauyi: kuɗi da dokokin biza. Ba zan raina ta ba. A Birtaniya, bizar da aka bai wa iyalan ɗalibai ta tashi daga kimanin 16,000 a 2019 zuwa kusan 136,000 a 2022, kuma 'yan Najeriya ne suka fi kowa yawa, sama da 60,000. A watan Mayu na 2023 gwamnatin ƙasar ta sanar da rufe wannan ƙofa, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. Daga ranar aka hana mai digiri na biyu na zaman aji tafiya da iyali, aka bar dama ga masu karatun bincike irin digiri na uku da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wanda aka bai wa damar ma, a ƙa'idar 2024 sai ya nuna fam 680 na kowane wata har wata tara ga kowane mutum ɗaya da zai bi shi, wato fam 6,120, idan a Landan ne fam 845 a wata, ban da kuɗin kula da lafiya fam 776 a shekara. Kanada ita ma ta taƙaita izinin aiki ga matan ɗalibai da mazajensu a 2024. A Amurka, wadda ta bi mijinta da bizar F-2 ba ta da izinin yin aiki. Ga kuma faɗuwar naira tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024.

Duk wannan gaskiya ne, to amma me ya kamata mai hankali ya fahimta daga ciki? Ya kamata ya sanya iyali cikin lissafi tun kafin ya zaɓi ƙasa da jami'a. Muna bincika darajar jami'a, da kuɗin makaranta, da sanyin garin, har da inda ake sayar da naman halal, amma ba ma tambayar ko dokar ƙasar ta yarda mu zo da matanmu sai bayan an buga biza. Digiri na biyu a Birtaniya shekara ɗaya ne galibi, wannan ana iya yin shawara a jure, a zo hutu a tsakiya. Digiri na uku kuwa shekara uku ne zuwa huɗu, kuma shi ne dokar ta bar wa dama. Mai wannan karatu da ya ce doka ce ta hana shi, ya sake duba zuciyarsa. Idan gurbi biyu suka samu, ɗaya mai suna wanda ba ya karɓar iyali, ɗaya matsakaici wanda za ka zauna da matarka da 'ya'yanka, wallahi na biyun ya fi maka albarka. Kuma jami'o'in gida ba su daina bayar da digiri na uku ba.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a tafi da iyali ta kowace hanya. Masu ƙulla auren takarda don a samu biza, da masu aron kuɗi su zuba a asusu na 'yan kwanaki don su yaudari ofishin jakadanci, da masu rubuta ɗan wani a matsayin nasu, duk ƙarya suke yi da shaidar zur, kuma jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba babban zunubi ne. Biza alkawari ce, Musulmi kuwa ba ya cin amanar alkawari ko da wanda ba Musulmi ba ne. Mai mata biyu ya sani cewa dokar Birtaniya mace ɗaya ta sani, sai ya yi tunanin yadda zai yi adalci kafin ya tashi, kada ya ɗauki amarya ya mance da uwargida. Wanda kuma ya san ɗaki ɗaya zai cusa mata da yara huɗu, ya fita tun asuba sai dare, ba ta jin harshen garin, ba ta san hanyar masallaci ba, shi ma bai sauke amana ba, wurin ratayewar kawai ya canja. Tafiya da iyali tana nufin ka nema mata abin karatu, ka haɗa ta da 'yan uwa Musulmi, ka san inda 'ya'yanka za su koyi Alƙur'ani.

Sannan akwai ɗaya ɓangaren da ba mu cika son a taɓo ba. Yau 'yan uwanmu mata suna samun tallafin karatu a fannin likitanci da sauransu, mu ne kuma masu kukan rashin likitoci mata a asibitocinmu. Idan ita ce ta samu gurbin, sai ka ji miji ya ce shi ba zai bi mace ba, kuma ba za ta tafi ba muharrami ba, shi ke nan an rufe ƙofa ta gaba da ta baya. Idan da gaske maganar muharrami ce ta dame ka, ai kai ne muharramin. Ɗaukar jaka ka raka matarka neman ilimin da al'umma ke buƙata ba ya rage maka komai a wurin Allah.

Ya ɗan uwa mai shirin tafiya, kafin ka je ofishin jakadanci ka fara zama da matarka. Ka gaya mata shekarun da karatun zai ci, da abin da za a riƙa ba ka, da abin da dokar ƙasar ta ce, da lokacin da za ka riƙa zuwa idan ba ta bi ka ba, sannan ka yi shiru ka saurare ta. Yaron da ka bari yana rarrafe zai shiga firamare ba ya gane ka sai a fuskar waya, kuma waɗannan shekaru ba a sake buga su kamar takardar shaida. Ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo, ba za a karɓi kundin bincikenka a madadin amsa ba.

Ita kuwa baiwar Allah mai takarda, da sauran irinta da ba su iya rubutowa ba, ina sake gaya muku abin da na faɗa a aji: kuna da haƙƙi, kuma neman haƙƙi cikin ladabi ba rashin godiya ba ne. Allah Ya ba ku mafita, Ya shiryi mazajenku da mu baki ɗaya, Ya sanya iliminmu ya zama hujja gare mu ranar gobe. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.