Faɗin Ƙasa da Nisan Hukuma: Misalin Birnin Gwari

Manufar gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ita ce a kusanto da mulki ga talaka. To, a ganina, wannan manufa ba ta cika ba a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma yanayin ƙasar shi ne babban dalili.

Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, alhali Kaduna ta Arewa ba ta kai 100 ba, amma kowacce shugaba ɗaya gare ta. Ta yi iyaka da jihohin Zamfara, Katsina da Neja, ga kuma dajin Kamuku a cikinta. Manomin Kuyello ko Dogon Dawa sai ya sha doguwar tafiya kafin ya kai kukansa hedikwata. Inda ƙafar hukuma ba ta taka ba kuwa, nan ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka sami mafaka.

Ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma abu ne mai wuya, domin sunayen 774 ɗin suna cikin Tsarin Mulkin 1999. Amma a 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kamata ya yi a bi wannan hukunci sau da ƙafa, a kashe kuɗin wajen hanyoyin karkara da ƙananan ofisoshi a gundumomi, a kuma jawo hakimai da dagatai cikin shawara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa shugabanni su ji.