Ziyara Ko Kallon Mutane?

'Yan'uwana mata, a yau filinmu zai leƙa duwatsun arewacin ƙasar Tailan. Kowace shekara masu yawon buɗe ido sukan taso daga garin Ciyan Mai, su ɗauki ɗan jagora, su yi kwana biyu ko uku suna tafiya a ƙasa cikin duwatsu, suna kwana a ƙauyukan kabilun Karen da Akha da Lisu. Tafiya mabuɗin ilmi ce, wannan ba mu musa ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yi da matan da ake zuwa gani.

Ku dubi matan kabilar Kayan. Asalinsu mutanen Bama ne, ƙasar nan da kakanninmu suka je yaƙi. Faɗa ya koro su zuwa lardin Me Hon Son na Tailan wajen ƙarshen shekarun 1980. A al'adarsu, yarinya tun tana kamar shekara biyar ake naɗa mata murɗaɗɗiyar tagulla a wuya, ana ƙara tsawonta tana girma. Nauyin tagullar yana danne kafaɗu da haƙarƙari ƙasa, shi ya sa wuyan yake kamar ya yi tsawo. Da aka ga baƙi suna sha'awar wannan, sai aka sa kuɗin shiga ƙauyukansu. A 2008 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka cewa an hana wasunsu izinin fita, alhali ƙasashen Finlan da Niyu Zilan sun yarda su karɓe su, har kakakinta ta kwatanta ƙauyukan da gidan namun daji.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 1986 labarin mutanen Koma na duwatsun Alantika, a tsohuwar Jihar Gongola, ya cika jaridu. Hotunan matansu sanye da ganye suka bazu ko'ina. Mutum nawa ne ya tambayi yardarsu?

To, ba mu ce a daina zuwa ba. Da yawa daga cikin matan Kayan na waɗannan ƙauyuka da kuɗin saƙar da suke sayar wa baƙi suke ciyar da 'ya'yansu, in an ƙaurace musu su ne za su fara shan wahala. Abin da muke kira shi ne a je da ladabin baƙo. A fara gaida mai gari. A nemi izinin mace kafin a ɗauki hotonta, in ta ƙi a haƙura. A sayi kaya daga hannun wadda ta saƙa, kuma a ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen. Kada a watsa wa yara alewa suna wawaso. Mai niyyar alheri ya kai littafi da alli makarantarsu, don yarinyar da aka zaunar saboda masu hoto ta rasa darasin ranar.

'Yan makaranta, in an kai ku irin wannan ziyara, ku bar ƙus-ƙus da nuni da yatsa. Uwargida, ki tuna yadda za ki ji in baƙo ya faɗo tsakar gidanki ba sallama, kina daka, ya ɗauke ki hoto. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Allah ya sa mu gane.