Volkswagen: Riba da haɗarin amfani da kayan mota iri ɗaya

Mai sayen Audi A3 da mai sayen Skoda Octavia ba kuɗi ɗaya suke biya ba, amma ginshiƙin motocin nasu ɗaya ne. Daga shekarar 2012 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera su, tare da Golf da Seat Leon, bisa tsari guda mai suna MQB.

Manufar ita ce rage tsadar ƙira: a zana inji sau ɗaya, a sayo kayayyaki da yawa cikin rahusa, a bambanta motocin ta fasalin jiki da ƙawar ciki.

Sai dai a shekarar 2015 haɗarin wannan dabara ya bayyana, lokacin da hukumomin Amurka suka gano manhajar da ke ɓoye yawan hayaƙin wani injin dizal. Da yake an saka injin a motocin Volkswagen da Audi da Skoda da Seat, badaƙalar ta shafi motoci kimanin miliyan 11, ta kuma jawo wa kamfanin asarar fiye da Yuro biliyan 30.

Wani ƙalubalen kuma shi ne gamsar da mai saye cewa tambarin Audi ya cancanci ƙarin kuɗin.