Tandar mai jego: a bar wake a gida

Ƴan uwa manoma, da ku ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Kaita, akwai tambayar da mata suke yawan yi mana a aji: wane abinci ne ke kawo ruwan nono? Gidaje da yawa sun ɗauka amsar tana kanti. Da zarar mace ta haihu, sai a sayo filawa da sukari da mai a soya mata fanke, ko a riƙa kawo mata burodi da shayi kowace safiya, a ce an kyautata mata. Mu kam ba mu yarda an kyautata ba.

Da farko, babu wainar da ke kawo nono ita kaɗai. Tsotson jariri shi ke sa jikin uwa ya ƙara yin nono, dare da rana. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yaro nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba bauri. Kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, saboda haka ko a zafin bazara ya ishi yaro. Dakashin kwanakin farko kuwa kada a zubar, shi ne kariyarsa ta farko.

Amma uwa daga jikinta take ciro abin da take bayarwa. Idan ba ta ƙoshi ba, nono zai ci gaba da zuwa, ita ce za ta rame, ta kasa daka da ɗaukar ruwa. Farar filawa an raba ta da dusarta, sukari kuwa zaƙi ne kawai. Abin da ya fi su yana cikin rumbunmu: gero, wake da gujiya. A lambunan kwarin Tarka da na Majiya kuma ga zogale.

Ga yadda muke koyarwa. A auna gero gwangwani 3, wake gwangwani 1, gujiya rabin gwangwani. A gasa wake da gujiya sama-sama, a cire ɓawo, a niƙa tare da geron. A kwaɓa da yamma a bar ƙullun ya kwana. Wannan kwanan ba don ɗanɗano kawai ba ne: ƙullun da ya yi tsami ya fi sakin sinadarin da ke ƙara jini. Da safe a zuba ludayin garin zogale wanda aka shanya a inuwa, da gishiri mai iyod kaɗan, a shafa wa tanda mai, a gasa kamar masa. Mai kaɗan ta ke ci, ba irin na fanke da ke iyo a kasko ba. A ci da nono ko miya, a sha ruwa duk lokacin da ƙishirwa ta zo. Shayi kuwa a jinkirta shi, domin yana tare wannan sinadari idan an sha shi kan abinci.

Sai maganar kanwa, wadda muka san ba za ta yi wa iyayenmu mata daɗi ba. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ga masu jego da yawa da ciwon zuciya da kumburin ƙafa, kuma sun danganta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. A yi kunu, amma a sa gujiya ko tsamiya a wurin kanwa. Wadda ta ga kumburi ko numfashi yana yi mata wuya, a kai ta asibiti a ranar.

Nauyin nan bai tsaya kan mata ba. Maigida ne ke ɗora wake a amalanke da kaka, ya sayar lokacin da ya fi araha, sannan da damina ya nemi na ci bai samu ba. Wanda matarsa ke da ciki ya san watan haihuwa tun da nisa. Kafin ƴan kasuwa su zo da buhunansu, ya ware mata tiyoyin wake da gujiya, ya damƙa mata su a hannunta, ta ajiye a ɗakinta.